Babu Tsamiya a Wayar Baba

Baba ya kurumce ne da girmansa. Wata shekara bayan girbi zazzaɓi ya kayar da shi, ya daɗe a kwance, da ya tashi sai ya tashi babu kunne. Magana kam yana yi, har ta fi ta da ƙarfi, don ba ya jin kansa. In ya ce a miƙo masa ruwan sha, sai maƙwabta sun sani. Amma in kai ne za ka gaya masa wani abu, sai ka tsaya a gabansa ya kalli bakinka, ka haɗa da hannu. Bai yi boko ba, balle a ce a rubuta masa.

Shi da Mama suna zaune a ƙauyenmu ta wajen Kusasu, inda ya sauka tun yana saurayi, da ya taso daga kudancin Kaduna neman ƙasar noma. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a cikin Birnin Gwari. Yayana da ke Kaduna shi ya kawo masa babbar waya, wai ko fuskar jikoki ya riƙa gani. Bai yi tunanin sabis ɗin ƙauyen ba. Hoto ba ya tafiya, saƙon murya sai ya yi ta juyi har ya gaji, kiran bidiyo kuwa ba a ma zancensa. Ɗan gajeren rubutu ne kawai ke ratsawa, shi ma sai ya ga dama. Daga baya na lura ƴan hotunan nan da ake cewa imoji, nauyinsu ɗaya da rubutu. Inda harafi ya wuce, su ma za su wuce. Da su muka koma magana.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na zaunar da shi na nuna masa, a gindin lemun tsamin da ke tsakar gidanmu. Babban yatsansa ya yi kanta, gilashin wayar ba ya jin sa, sai da ƙaramin yatsa ya riƙa ja. Fuskokin dariya da na kuka bai ko tsaya a kansu ba. Da muka iso wajen dabbobi sai ya gyara zama.

Ya ga giwa, ya yi murmushi, ya ce ya gan su da idonsa a dajin Kamuku yana yaro matashi. Ya ga biri, ya ga kunama, ya ga bushiya. Sai ya tsaya a kan wani tsuntsu baƙi da fari mai tsayuwa kamar mutum.

"Wannan fa?"

Na rungume jikina ina karkarwa, don ya gane na ƙasar sanyi ne.

"To," in ji shi. "Shi an sa shi. Ina zabo?"

Muka duba sama da ƙasa, babu zabo. Babu gafiya, babu guza, babu burtu. Ya ce a nuna masa itatuwa. Ƴan kaɗan ne. Akwai mai tsini irin wadda ake zanawa a katin Kirsimeti, akwai mai kama da giginya, sai wata mai dunƙulallen kai, kore shar.

"Wannan kaɗanya ce ko ɗorawa?"

Na kalle shi na ce a hankali, "Bishiya ce kawai, Baba."

"Babu bishiya kawai," ya faɗa da ƙarfin da ya sa kaji suka watse. Mama tana daga madafa ta ce in rabu da shi, tun kafin ya kurumce haka yake.

Duk da ƙorafin, shi ya fi ni riƙe abin. Da sassafe zai aiko zakara, wato ya tashi lafiya. Masara na nufin yana gona. Wuraren gonar kuma sai ya raɗa musu suna da abin da ke zaune a cikinsu. Kwaɗo shi ne rafin da ke ƙasan gonar. Biri shi ne dutsen da ke bakin daji, inda birai ke saukowa satar masara. Ƙudan zuma ita ce babbar ɗorawar da ke saman gaɓar rafi, inda ya rataye amyoyinsa. Talotalo ya tsaya a madadin zabo, ko da yake duk ranar da ya aiko shi na san yana tsaki. Idanu biyu kuma tambaya ce: ina, ko yaya? Dunƙulalliyar bishiyar nan bai taɓa aiko ta ba ko sau ɗaya.

Ba wasa ne ya sa muka dage da wannan ba. A shekarun nan, manomi a ƙasarmu da kunnensa yake noma. Hannu na kan fartanya, kunne na wajen daji. Ƙarar babura da yawa a lokaci guda, harbi daga nesa, ihun wani daga gonar gaba, su ke gaya wa mutum ya yar da kayan aiki. Baba ba shi da ko ɗaya a ciki, ga gonarsa ita ce kusan ta ƙarshe kafin daji. Mun yi, mun yi ya bar ta, ya ƙi. Sai Mama ta ɗinka masa aljihu a cikin rigar aikinsa daidai ƙirji, na kashe wa wayar sauti na bar ta tana girgiza, don ya ji ta a jikinsa. Muka yi da shi in ya ga hoton babur, to mutanen daji sun fito, ya bar gona. Iyakar abin da muka shirya ke nan. Ba mu yi zancen ta wace hanya zai bi ba.

Hanya kuwa biyu ce daga gonar zuwa gida. Gajerar tana bi ta gindin wata tsohuwar tsamiya, a mararrabar da hanyar ƙafa ke haɗuwa da ta babura. Doguwar tana gangarawa rafi, ta bi fadama, ta ɓullo ta bayan gari.

Ranar da nake son ba da labarinta tsakiyar damina ce, masara ta kai ƙirjin mutum. Muna jarrabawar ƙarshen zango. Da safe Baba ya aiko zakara, bayan ɗan lokaci ya aiko masara. Da hantsi ina zagaya aji ina raba takardu, ƙaramar wayar Mama ta kira ni. Mama ba ta kira na lokacin aiki. Na fita baranda na ɗauka.

Raɗa take yi, numfashinta na fita sama-sama.

"Sun shigo. Muna cikin masarar bayan gida ni da matan unguwa. Babanki yana gona."

"Ta ina suka shigo, Mama?"

"Wanda ya tsero ya ce suna tsaye a tsamiya. Duk wanda ya fito daga gona tare shi suke yi. Babu mai iya zuwa wajensa. Ki gaya masa, kada ya bi ta nan. Zan kashe wayar."

Ta kashe kafin in ce komai.

Malamar Arabiyyar makarantarmu, dattijuwa ce da ta kusa haifa ta, tana ajin da ke kusa da nawa. Ta leƙo ta ga fuskata, ba ta tambaye ni ba sai da ta kira wani malami ya tsaya mana a azuzuwan biyu. Ta ja hannuna zuwa bayan ofis ta zaunar da ni a kan wani benci.

"Faɗa mini, ƴata."

Na gaya mata a taƙaice, ina neman babur a cikin hotunan. Na tura shi, na ƙara, na ƙara. Alamar isa ta fito, can ta koma shuɗiya. Ya gani. Ban gama ajiyar zuciya ba amsarsa ta shigo: idanu biyu.

Ina suke? Abin da yake tambaya ke nan.

Na buɗe wajen itatuwa. Ga mai tsini, ga giginya, ga dunƙulalliya. Babu tsamiya. Na san babu, amma na ja sama na ja ƙasa kamar za ta tsiro. In na tura dunƙulalliyar ita kaɗai, wace zai ɗauka? A kan doguwar hanyar ma akwai kaɗanyoyi jere. In ya ɗauka su nake nufi, da kaina na kora shi tsamiya.

"Me ke zama a kan tsamiyar?" in ji Malama, don ta san yadda muke yi da shi. "Babu wani tsuntsu ko dabba da aka san ta da shi?"

Na rufe ido ina tuno bishiyar. Tun ina yarinya nake wucewa ta gindinta, amma ban iya tuna komai ba sai inuwa da masu gyaran taya da suka taɓa zama a wurin.

"Tsami," na ce. "Bishiya mai tsami."

Akwai lemo a wajen ƴaƴan itatuwa, rawaya, da ɗan ganye a kansa. Na nuna mata. Ta ce, "Tura, lokaci na tafiya."

Na jera su: babur, bishiya, lemo, sai jar alamar nan da muke sa wa amsar da ba daidai ba. Na tura. Ya gani nan take. Muka zuba wa wayar ido ni da ita.

Amsar da ta zo hotuna uku ne. Gida. Tsohuwa mai furfura. Mutum yana gudu.

Na daɗe ina kallonsu kafin abin ya faɗo mini. Lemun tsamin tsakar gidanmu. A duk duniyar Baba bishiyar lemo guda ce, kuma a gindinta Mama ke zama tana tsinkar ganye. Abin da ya karanta shi ne babura suna gidansa. Ga shi nan tafe wajen matarsa, kuma mai sauri ba ya bin doguwar hanya.

Ban san na miƙe tsaye ba. Na tura tsohuwa da babban yatsa a sama, wato tana lafiya. Na tura gida da jar alama. Na tura kwaɗo, na cika layi da kwaɗi, na sake cika wani. Duk suka tsaya da alama ɗaya. Sun bar wayata, ba su isa tasa ba. Tsakanin gonar da mararraba akwai wani kwari da sabis ba ya sauka, na san shi, kuma sanin nan ya gaya mini daidai inda ƙafarsa take.

Na kira lambar don ta girgiza a ƙirjinsa. Aka ce ba a samun ta. Na yi ta zagaya filin makaranta da waya a sama kamar sabis ɗina ne matsalar. Yara sun fara leƙowa ta taga. Malama ta biyo ni ta riƙe mini kafaɗa.

"Zo ki zauna. Gudunki ba zai kai saƙon ba. Ki ci gaba da kira, ni zan ci gaba da addu'a, ke ma ki yi taki."

Na koma bencin. Tana jan carbi, ni ina kira ina cewa Ubangiji ka tsayar da shi, ka tsayar da ƙafarsa. Ban iya haɗa wata addu'ar da ta wuce wannan ba.

Can kiran ya shiga. Ya yi ta ringi ba a ɗauka ba, wanda dama Baba ba ya ɗauka. Na duba saƙonnin, duk sun isa. Jim kaɗan suka koma shuɗaye. Na ce, "Ya gani! Malama, ya gani!"

Ba ta yi murna ba. Ta kalli wayar, ta kalle ni.

"An gani dai," in ji ta a hankali. "Daina kira haka nan. In wayar tana hannun wani, kada ki ba shi dalilin kiran ki."

Sai a lokacin na tuna yadda sauran mutane ke samun labari. Lambar ɗan'uwanka ce za ta kira ka, ka ɗauka da sauri, ka ji muryar da ba ka sani ba. Na ajiye wayar a kan cinyata, fuskarta a sama. Ina son ta yi motsi, ina kuma tsoron ta yi ƙara.

Labari ya riga ya shigo gari. Hedimasta ya sa aka tattara takardun jarrabawa, iyaye suka fara zuwa kwasar ƴaƴansu. Kowa da abin da ya ji. Wani ya ce an ƙone rumbuna, wani ya ce ba a taɓa gari ba, shanu kawai suka zo kora. Yayana ya kira daga Kaduna yana ta faɗa, wai me ya sa aka bar tsoho ya je gona, kamar akwai wanda ya taɓa hana Baba abin da ya yi niyya. Ya ce in tura masa biri, ya hau dutse ya ɓuya. Na ce dutsen yana bakin daji, ta nan za su koma. Ya ce to me nake jira. Na ce masa ya sauka daga layin, kada saƙo ya shigo ban gani ba.

An yi kiran azahar, Malama ta yi sallarta a nan gefen benci a kan mayafinta, ba ta yarda ta tafi masallacin makaranta ta bar ni ba. Tana sallamewa wayar ta yi motsi a cinyata.

Kunkuru ne. Shi kaɗai.

Ba mu taɓa amfani da kunkuru ba. Na nuna mata, ta ce, "Me yake nufi?" Na ce ban sani ba, amma hawaye ya riga ya zubo mini, don babu ɗan bindigar da zai zauna ya bi layin dabbobi ya zaɓo kunkuru. Baba ne. Ya shigar da kansa ciki, ya yi shiru. Bayan ɗan lokaci kwaɗo ya biyo baya. Yana rafi.

Na tura masa tsohuwa da babban yatsa kuma. Na tura hannuwa biyu na addu'a. Ya mayar da idanu biyu, na mayar masa da kunkurunsa: zauna yadda kake.

Da na ɗauka mafi wuyar ya wuce. Amma mutumin da ya ɓuya, da kunne yake sanin lokacin fita. Yana jin babura sun yi nisa, yana jin muryoyin ƴan garinsu suna kiran suna. Baba yana ƙarƙashin gaɓa, ba ya ganin komai sai ruwa da saiwoyi, kuma ko duk garin ya fito yana kiransa ba zai sani ba. Ni ce kunnensa, ni da ke zaune a bayan ofis a Birnin Gwari, wayar Mama kuma a kashe.

Sai hadari ya haɗo daga gabas. Na ga yadda ya yi baƙi ta wajensu tun kafin iska ta iso mana. Rafin nan na san halinsa. Ko ba a yi ruwa a kansa ba, in aka yi a sama, sai ya taho gaba ɗaya, ja wur, da itace da komai. Muna yara abin da aka koya mana shi ne in kun ji ruri daga sama, ku haye tudu. Ji ake yi. Ba a ganin sa sai ya iso.

Ruwa ya sauko mana, muka koma cikin ofis. Malamai sun watse, saura mu biyu da maigadi. Na kira Mama, a kashe. Na kira maƙwabcinmu, wani dattijo Musulmi da gonarsa ke iyaka da ta Baba tun kafin a haife ni, ba ta shiga. Na kira duk wanda nake da lambarsa a ƙauyen. Mutum ɗaya ya ɗauka, ya ce sun tafi, ya ga ƙurar ƙarshensu da idonsa, alhali ana ruwa. Wata mata ta ɗauka ta ce kada kowa ya motsa, akwai saura a tsamiya suna fakewa.

Saƙon Baba ya shigo: ɗigon ruwa, igiyar ruwa, idanu biyu.

Ruwan ya fara tashi ke nan. Yana tambaya ta ya fito ko kada ya fito.

"Malama, me zan ce masa?"

"Ke kika san wurin, ƴata. Ni ban taɓa zuwa ba. Babu wani waje tsakanin ruwan da hanya?"

Na tsaya na bi gaɓar a cikin kaina, daga mashaya zuwa giginyu, daga giginyu zuwa inda ƙasa ta zabtare. A saman nan ɗorawar take. Gindinta duhu ne, sarƙaƙiya ta kewaye shi, don ba mai sare ta. Ko masu kiwo ba sa kusantar wurin saboda zumar Baba, kuma duk wanda ya ɗaga kai zai ga amyoyin a rataye ya canza hanya. Daga mararraba ba a hango ta. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai wani a fadama da zai gan shi yana hawa. Na riƙe yatsana a kan hoton, na kasa dannawa, har Malama ta ce, "Bismillah," ni kuma na danna.

Ƙudan zuma guda ɗaya na tura, ban haɗa ta da komai ba. Na koyi darasin haɗe-haɗe a ranar.

Ya gani. Bai amsa ba. Na jira, na sake tura ta, wannan karon ta tsaya da alama ɗaya. Na kira, aka ce wayar a kashe take.

Daga nan babu abin da ya rage mini. Ruwa ya tsagaita bayan la'asar. Malama ta aika maigadi ya gaya wa mutanen gidanta inda take, ta sayo mini ƙosai a bakin titi, na riƙe shi a hannu har ya huce. Lokaci-lokaci takan ce, "Sake gwada ta mamanki."

Rana ta yi ƙasa sosai sannan Mama ta kira. Sun fito daga masara, a jiƙe, an ce mutanen sun koma daji. Maza suna taruwa da ƴan sa-kai za su bi gonaki neman waɗanda ba a gani ba. Ta ce sun ce za su fara ta gonarmu su gangara rafi, amma rafin ya cika ya batse.

"Mama, ba ni maƙwabcinmu in yana kusa."

Ya karɓa. Na gaishe shi a gaggauce, ya ce, "Ina jin ki, ƴata."

"Ku duba ɗorawar zumar Baba. Can na ce ya je. Ban san ko ya kai ba. Kuma kada ku tsaya kira, ku shiga cikin sarƙaƙiyar. Ku bi ta gabansa ya gan ku, kada ku taɓa shi ta baya."

"Na sani," in ji shi. "Shekara nawa muna tare."

Ana kiran magariba a masallacin bakin kasuwa wayar ta sake ƙara. Mama ce, amma ban ji abin da take cewa ba, don a bayanta akwai wata murya da ta cika gidan, tana tambaya ko an taɓa ta, ko ta ci abinci, wa ya bar akuya a waje. Na miƙa wa Malama wayar ta ji da kunnenta. Ta ce alhamdu lillahi, ta share fuska da gefen mayafi, ta ce to yanzu sai in ci ƙosan.

Washegari na bi motar da ta bi bayan jami'an tsaro na isa ƙauyen. Na same shi a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, duk sawun matsattsaku da ƙaya. Wayar tana cikin kwanon shinkafa, wai ko za ta bushe. Ya ba ni labarin da ƙarfi, har maƙwabta suka zo suka tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce da ya ga lemo bai tsaya ko ɗaukar fartanya ba. Yana fitowa daga kwari, saura kaɗan ya hango tsamiya, sai ya ga balbelu sun tashi gaba ɗaya daga wajen mararraba, ba irin tashin da suke yi in suna bin shanu a natse ba. Ya ja ya tsaya. A daidai nan ƙirjinsa ya hau girgiza ba ƙaƙƙautawa. Ya faɗa cikin masarar wani, ya ciro wayar, ya ga kwaɗi sun cika ta. Da rarrafe ya juya. Yana kwance a kunya ya ga ƙafafun mutane sun wuce, da na shanu, bai ɗaga kai ya ga fuska ba. A rafi ya shige ƙarƙashin saiwoyi, ruwa iya gwiwa. Da na aiko zuma ruwan ya kai masa ƙugu. Wajen hawa gaɓa ya zame, wayar ta nutse tare da shi.

Na tsaya a gabansa na ce, "Tsamiya nake nufi, Baba. Bishiya mai tsami."

Ya kalli bakina, na maimaita. Ya girgiza kai.

"Lemo ai lemo ne," ya ce.

Ba kowane gida ne ya samu irin namu ba. An kora shanun huɗa na mutane da dama. An tafi da waɗanda aka tare a mararraba, cikinsu har da ƙanin maƙwabcin nan namu. Shi maƙwabcin ya je ya nemo Baba ne yana sane da cewa nasa ɗan'uwan ba ya cikin waɗanda za a samu a gona. Ƙanin ya dawo bayan an yi girbi, ya rame har ban gane shi ba. Akwai wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Da na je yi wa maƙwabcin jaje da godiya a haɗe, ban san da wanne zan fara ba, sai na durƙusa a gabansa. Shi ya ce in tashi.

Yayana ya zo daga Kaduna da niyyar kwashe su gaba ɗaya. An kwana biyu ana abu ɗaya. Baba ya juya masa baya, wanda a wajensa shi ne ƙarshen magana, tunda in bai kalle ka ba, ba ka ce komai ba. Ya ce masararsa na tsaye, ba zai bar wa birai ba. Mama ce ta raba gardamar. Ta ce ita ba za ta sake kwanciya a cikin masara tana lissafin inda yake ba. In zai je gona, ƙafarta ƙafarsa.

Haka aka ƙarasa daminar. Mama, da ciwon gwiwarta, takan bi shi kowace safiya da ƴar kujerarta da ƙwarya cike da tsakuwa. Akwai wani tsohon suri a tsakiyar gonar, a kansa take zama, fuskarta wajen daji, ɗankwali a ture bayan kunne. In ta ji abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta jefe shi da tsakuwa a baya, su bi ta rafi. Sun yi hakan ba sau ɗaya ba, wani lokacin a banza, wani lokacin ba a banza ba.

Na je taya su karyar masara da aka yi hutu. Aiki ake yi da sauri, ba hira, kowa na so a loda a bar wurin kafin rana ta karkata. Ina cikin cika buhu na ga tsakuwa ta wuce ta gabana ta sami Baba a kafaɗa. Na saki buhun, har na juya wajen rafi. Baba ya waiga ya dube ta. Ta ɗaga masa kwanon abinci.

"Mama!" na ce. "Kin kusa kashe ni."

"To da me zan kira shi?" in ji ta. "Zo ki sauko da ni daga nan, gwiwar ta riƙe."